Ku daina kafa hujja da ni, yayana ya fi ni kai

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Na daɗe ina karanta jaridarku ban taɓa rubuto muku ba, sai yanzu da wata maƙala da kuka buga kwanakin baya ta hana ni sukuni. Marubucin ya yi kira ga matasa su daina kuka da talauci su tashi su nema, ya kuma jero labaran 'ya'yan talakawa da suka zama manya, don ya nuna cewa hanya a buɗe take ga duk mai himma. Na san niyyarsa alheri ce. Sai dai ni ina cikin irin mutanen da ake buga misali da su. Mahaifina mai gadi ne, har ya koma ga Allah bai iya rubuta sunansa ba. Ni kuwa na yi shekara 33 ina aikin akanta, na yi ritaya ina shugaban sashe. Sau da dama a wurin taro akan nuna ni a ce wa yara, ga ɗan mai gadi nan, ku dubi inda ƙoƙari ya kai shi. Ina roƙon ku ba ni fili in faɗi abin da ya sa wannan yabo yake ci mini rai.

Ina da wa, shekara uku ya ba ni. Duk wanda ya san mu muna yara ya san Yaya ya fi ni kai nesa ba kusa ba. Shi ya koya mini lissafin da na rayu da shi har tsufana. Abin da nake cika takarda kafin in warware, shi da ka yake yinsa yana tafiya. Saura wata huɗu ya zauna jarrabawar kammala sakandare, ɓarin jikin Baba ya shanye. Mai gadin da ya kwanta ba shi da albashi, kafin mako ya zagayo ma an ajiye wani a bakin ƙofar. Mu bakwai ne a gidan, ga kuɗin magani. Yaya ya ɗaure littattafansa ya bi leburorin gini, yana cewa baɗi zai koma. Yau shekara 46 ke nan, baɗin ba ta zo ba.

Da lokacina ya yi, gumin Yaya ne ya riƙe gidan, shi ya sa ba a cire ni daga makaranta ba. Wani malaminmu, Allah ya jiƙansa, ya biya mini kuɗin rajistar jarrabawa daga aljihunsa, sannan ya kira ni ofis ya cike mini fom ɗin tallafin karatu wanda ban ma san akwai irinsa a duniya ba. A wannan shekarar kuma babu wanda ya kwanta ciwo a gidanmu. Ban musa cewa na yi ƙoƙari ba, na raba dare ina karatu har idanuna suka yi rauni. Amma in ƙoƙari ne ma'auni, mutumin da ya shekara arba'in yana hawa bene da bulo a ka ya fi ni. Da ni aka fara haifa, da yau shi ake nunawa a taro, ni kuma ina can ina kwaɓa siminti.

A jami'a na yi aboki, ɗan wani attajiri. Mutumin kirki ne, har gobe muna zumunci. Ya faɗi a shekarar farko, ya maimaita. Ya ga fannin bai karɓe shi ba, ya sauya wani. Bayan ya gama ya buɗe kasuwanci, ya rushe da bashi a kansa, mahaifinsa ya biya. Ya sake buɗe wani, shi ma ya bi sahu. Na ukun ne ya tsaya da ƙafarsa, yau mutane da yawa suna aiki a ƙarƙashinsa. Idan yana ba da labarinsa yakan ce ya sha wuya bai sare ba, kuma gaskiya yake faɗa, a gabana aka yi. Amma ku ƙirga tare da ni. Shi ya faɗi sau huɗu, kowane karo akwai katifa a ƙasa. Yaya sau ɗaya ya faɗi, faɗuwar ma ba tasa ba ce, ciwon wani ne ya kayar da shi, kuma a kan dutse ya sauka. Tun daga nan na fahimci babban abin da dukiya take saya wa ɗa: damar yin kuskure ya sake gwadawa. Ɗan talaka harsashi ɗaya ne a bindigarsa, wani lokacin ma kafin ya saita an karɓe.

Wannan ba sabon abu ba ne a duniya. Ƙasar Sin ta yi kimanin shekara 1,300 tana ɗaukar ma'aikatan gwamnati ta hanyar jarrabawa, tun zamanin daular Sui har aka soke tsarin a 1905. A rubuce, ɗan manomi yana iya zama ya ci ya zama babban jami'i, kuma an samu waɗanda suka yi hakan, aka riƙa ba da labarinsu ƙarni bayan ƙarni. Amma shirin jarrabawar yana cin shekaru na haddar littattafai, mafi yawan masu zama kuma faɗuwa suke yi. Wane gida ne zai iya cire ɗa ƙaƙƙarfa daga gona shekara goma ko ashirin, ya biya masa malami, in ya faɗi ya ce masa jeka ka sake? Takardar tambaya iri ɗaya ce a gaban kowa, amma ba kowa ne yake da gidan da zai jira shi ba.

Marubucin maƙalar ya kawo mutum biyar ko shida. Ni ma zan iya kawo goma. Sai dai misalin mutum ɗaya yana nuna cewa abu mai yiwuwa ne kawai, ba ya gaya mana mutum nawa ne suka gwada suka kasa. Wannan sai an ƙirga, kuma an ƙirga. A 2018 OECD, wata ƙungiyar ƙasashe ta haɗin kan tattalin arziki, ta fitar da rahoto kan tsawon lokacin da zuriyar gidan da ke can ƙasan tsanin arziki za ta ɗauka kafin ta kai matsakaicin samu na ƙasarta. A ƙasashen ƙungiyar, waɗanda yawancinsu masu arziki ne, matsakaicin lissafin ya kama tsakanin zuriya huɗu da biyar. A Danmak zuriya 2, a Amurka da Birtaniya 5, a Faransa da Jamus 6, a Barazil da Afirka ta Kudu 9, a Kolombiya 11. Ku lura, ba maganar zama attajiri ake yi ba, maganar kaiwa tsakiya ce kawai. Zuriya biyar kuwa ta wuce jika, ta wuce tattaɓa-kunne.

Amurka ce aka fi yi wa kirari da cewa kowa yana iya zama kowa. Masanin tattalin arziki Raj Chetty da abokan aikinsa sun bi bayanan haraji na miliyoyin iyalai, suka wallafa sakamakon a 2014. Idan aka kasa jama'a gida biyar bisa samunsu, yaron da aka haifa a kason ƙarshe yana da damar kashi 7.5 cikin 100 ta kaiwa kason farko. Da a ce gidan da aka haifi mutum ba ya tasiri, da kashi 20 za a gani. A matsayina na akanta, abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne bambancin da ke tsakanin ƙasashen nan. Babu mai hankalin da zai ce yaran Danmak sun ninka na Kolombiya himma sau biyar. Abin da ya bambanta shi ne yadda aka gina tsanin, da abin da ke faruwa da wanda ƙafarsa ta zame.

Akwai kuma wani shinge da ba a gani a takardar haraji, na san shi domin na kusa shekara goma ina zama a kwamitin ɗaukar ma'aikata. Yara biyu za su shigo da sakamako iri ɗaya. Na farko ya san inda zai zauna, ya san yadda ake amsa tambaya ba tare da an yi tsawo ba, harshen ofis a bakinsa kamar a ciki aka haife shi, domin tun yana ƙarami yake jin irin wannan hira a falon gidansu. A takardarsa akwai wata shida da ya yi yana koyon aiki a wani babban wuri ba albashi. Wa zai riƙe ɗan talaka wata shida ba albashi? Na biyu zai shigo da takalmin aro, muryarsa na rawa, ya san amsar amma tsoro ya riƙe masa harshe. Sai mu rubuta cewa ba shi da ƙwarin gwiwa. Kafin ranar ma, sau da yawa waya ta riga ta shigo daga wani da ba a iya ce masa a'a, domin mai uwa a gindin murhu ba ya bin layi. Na sa hannu a irin wannan hukunci fiye da sau ɗaya, ni da na taɓa tsayawa a wancan gefen teburin da takalmin aro a ƙafata. Ina neman gafarar Allah a kan haka, kuma ina tuna fuskokin wasu har yanzu.

Masanin zamantakewa Bajamushe Max Weber ya daɗe da rarrabe abubuwa uku da ke ɗora wani a kan wani: dukiya, daraja a idon jama'a, da iko. Mutum yana iya samun na farko a shekara goma, na biyun ya gagari jikokinsa. A Birtaniya kimanin kashi 7 cikin 100 na yara ne suke zuwa makarantun kuɗi, amma wani rahoto na 2019 ya gano cewa kashi 65 cikin 100 na manyan alƙalan ƙasar daga irin waɗannan makarantu suka fito. Babu dokar da ta hana ɗan direban bas zama alƙali a can. Hanyar ce take ratsawa ta wuraren da ba a taɓa gaya masa akwai su ba.

Duk lokacin da na ji ana cewa ilimi kaɗai ya isa ya goge asali, sai in tuna da Ambedkar na Indiya. An haife shi a 1891 a cikin rukunin da ake ɗauka cewa taɓa su ƙazanta ne. A makaranta a gefe yake zama a kan buhun da yake zuwa da shi daga gida, kuma ba ya taɓa abin shan ruwa, sai masinjan makaranta ya tsiyaya masa daga sama. Ranar da masinjan bai zo ba, da ƙishirwa zai wuni. Sarkin Baroda, wata masarauta a Indiya, shi ne ya ba shi tallafin da ya kai shi Jami'ar Columbia a Amurka a 1913, wato shi ma hannun mutum ɗaya ne ya ɗaga shi, kamar yadda malamina ya ɗaga ni. Ya dawo da ilimin da ƙalilan ne suke da irinsa a ƙasar, ya kama aiki a Baroda, amma masinjojin ofis jefa masa fayil suke yi a tebur don kada hannunsu ya taɓa nasa, masaukin da ya samu ma aka kore shi da aka gane asalinsa. Abin da ya burge ni da mutumin nan, bai taɓa tsayawa ya ce wa mutanensa ku dube ni, ku yi yadda na yi ba. Ya san shi tsira ya yi. Shi ya jagoranci kwamitin da ya tsara kundin tsarin mulkin Indiya wanda ya fara aiki a 1950, sashe na 17 ya haramta wannan wariya, aka kuma keɓe wa mutanensa gurabe a makarantu da aikin gwamnati da majalisa. Har yau wariyar ba ta mutu ba, amma a 1997 ɗan wannan rukuni, K. R. Narayanan, ya zama shugaban ƙasar.

Na san za a ce mini ai duniya juyi-juyi ce, masu kuɗi ma suna talaucewa. Haka ne, na ga gidajen da suka rushe a idona. Ibn Khaldun ma ya rubuta tun ƙarni na 14 cewa ɗaukakar gida ba ta cika wuce zuriya huɗu ba: wanda ya gina, da ɗansa da ya ga yadda aka gina, da jikan da yake kwaikwayo, sai na huɗu da yake zaton jininsa ne ya ba shi, shi ne mai rusawa. Akwai hikima a maganar, kuma na daɗe ina samun sanyi da ita. Amma wasu masana biyu na babban bankin Italiya sun ɗauko kundin harajin birnin Florence na 1427 suka gwama da na 2011, suna bin sunayen dangi. Suka tarar cewa masu ɗauke da sunayen gidajen da suka fi arziki a wancan lokaci, a jimlace, har yanzu sun fi sauran samu. Kusan shekara 600 ke nan, an yi annoba, an yi yaƙe-yaƙe, dauloli sun zo sun wuce. Gida ɗaya yana iya faɗuwa, amma dangin akwai kawun da zai ɗauki yaro aiki, akwai surukin da zai tsaya masa a banki, akwai filin da za a jinginar.

Yanzu bari in faɗi abin da ya fi yi mini nauyi. Ɗana na biyu ya faɗi jarrabawar shiga jami'a. Ban yi wata-wata ba na ɗaukar masa malami a gida, ya sake zama, ya ci. Da ya gama, na ɗaga waya na kira wani tsohon abokin aiki. Ba na jin akwai uban da zai ga ɗansa yana nutsewa ya naɗe hannu, kuma ba na neman a zargi iyayen da suke yin haka. Amma a shekarar da ɗana ya faɗi, ɗan Yaya na fari shi ma ya faɗi, da maki da ya fi na ɗana. Ban sani ba sai bayan wata takwas, domin Yaya ya ji nauyin ya sake ɗora mini wani kaya, yaron kuwa ya riga ya kama tura baro a kasuwa ya fara kawo wani abu gida, gidan kuma ya saba da abin da yake kawowa. Na yi na yi ya koma, ya ce lokaci ya wuce. Kakansu ɗaya da ɗana, mai gadi. Cikin zuriya ɗaya tak gidanmu ya rabe biyu, kuma ina ganin yadda rabon yake ƙara faɗi a jikokinmu: nawa suna karatu tun kafin a kai su makaranta, nasa suna shiga aji ɗaya ba su taɓa riƙe littafi ba. Ana cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, ana nufin jini. Ni na ga abin da idona a gida ɗaya, jini ɗaya, kuma na san ba jini ba ne.

Ba ina cewa a gaya wa matasa su kwanta ba. Zomo ba ya kamuwa daga zaune, ni ma haka nake gaya wa jikokina. Abin da nake ƙi shi ne a mayar da wa'azin himma ya zama amsar tambayar da ba yara ya kamata a yi wa ba. Idan aka gaya wa mutum cewa duk mai ƙoƙari yana hawa, to an gaya wa wanda bai hau ba cewa shi rago ne. Yaya ya yarda da wannan. Ya taɓa ce mini shi dai Allah bai yi shi ɗan karatu ba. Mutumin da ya koya mini lissafi ke nan. Talauci ya ƙwace masa makaranta, sannan irin wannan magana ta zo ta ƙwace masa sanin cewa an cuce shi.

Abin da zai ceci irinsa ba wani abin al'ajabi ba ne, an gwada shi a wurare an gani. Da akwai inshorar lafiya da ɗan albashin jinya ga ƙaramin ma'aikaci, da ciwon Baba bai cinye karatun Yaya ba. Da akwai ƙofar da wanda ya bar makaranta zai dawo ya zauna jarrabawa yana da shekara 25 ko 30, da darasin dare da ba ya hana shi neman na kansa, da baɗin nan tasa ta zo. Ƙasar Finlan tsakanin 1972 da 1977 ta daina raba yara gida biyu tun suna shekara 11, wasu hanyar jami'a wasu hanyar aikin hannu, ta haɗa su a makaranta ɗaya har shekara 16, kuma binciken da aka yi daga baya ya nuna cewa tasirin samun uba a kan samun ɗa ya ragu. A wurin ɗaukar aiki kuma, a tallata gurbi a fili, a yi gwaji a rubuce da lamba maimakon suna, a biya masu koyon aiki ko da kaɗan ne. Na ga yadda sakamako yake sauyawa a 'yan lokutan da muka yi hakan: sunayen da suka fito a sama ba su ne waɗanda aka yi mana waya a kansu ba.

Roƙona gare ku, Malam Edita, ku ci gaba da buga labaran waɗanda suka yi nasara, yara suna buƙatarsu. Amma idan wakilinku ya zauna da irinmu, ya ƙara mana tambaya uku: ku nawa ne a gidanku, ina sauran suke yanzu, kuma wa ya biya ranar da abin ya kusa tsayawa? Sannan ko sau ɗaya ne ku tura shi wurin waɗanda suka tsaya a hanya, ya ji a wane mataki suka tsaya da abin da ya tsayar da su. Na karanta wa Yaya wannan wasiƙa kafin in aiko, ya yi shiru mai tsawo, sannan ya gyara mini lissafin shekarun, na rubuta 45 ya ce 46 ne. Ya amince ya yi magana da wakilinku in kuna so, sai dai a zo bayan faɗuwar rana, domin har yanzu yana fita aiki.

Na gode da filin da kuka ba ni.

Naku,
Wani akanta mai ritaya, ƙanin lebura